In Likita Ya Ce "Sai An Yi Aiki": Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ba kasafai wata magana ke kaɗa hantar majinyaci da danginsa kamar likita ya ɗago kai ya ce, "Sai an yi aiki" ba. Nan take tambayoyi ke cika zuciya, amma kaɗan ne ake yi a gaban likitan. Sauran sai an fito waje ake sauke su a kan direban mota, ko mai kyamis, ko wani maƙwabci da aka taɓa yi wa tiyata. A Garu da Kalmalo da Araba da cikin garin Illela tambayoyin kusan iri ɗaya ne: Zan farka kuwa? Ba za a ba ni magani kawai ba? Yaushe zan koma gona?

Mu fara da ta farko, don ita ce ke hana barci. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, inda aka bi diddigin majinyata fiye da 11,000 da aka yi wa aiki. Kimanin biyu cikin ɗari ne suka rasu. Abin lura shi ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka rasun ba a ranar aikin suka cika ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Ke nan ɗakin tiyatar da muke tsoro ba shi ne wuri mafi haɗari ba. Haɗarin yana wurare biyu: jinkirin da aka yi kafin a zo, da sakacin da ake yi bayan an fito. Dukansu kuwa akwai hannun majinyaci da mai jinya a ciki.

Ɗauki ƙaba, wadda ta addabi manoma da masu dako da masu lodin buhuna a bakin iyakar Nijar. Rauni ne a bangon ciki, hanji ke leƙowa ta wurin, ya yi ƙullutu a matsematsi ko a cibiya, wani lokaci ya gangara cikin maraina. Ba ta jin saiwa, ba ta jin allura, ba ta jin ɗamara. Ga babba, ɗinke ƙofar ne kaɗai magani, sau da yawa a ƙarfafa wurin da wata raga da aka yi don haka. In an zo da wuri, ƙaramin aiki ne, a kwana ɗaya ko biyu a koma gida. Amma mutum sai ya yi shekaru yana tura ta da hannu tana komawa, har ranar da za ta fito ta ƙi komawa. Ta yi tauri, ta yi ciwo, amai ya biyo baya, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska. A lokacin hanjin ya shaƙe, jini ya daina kai masa, kuma cikin sa'o'i shida ko makamancin haka yana iya fara ruɓewa. Aikin da a da na ɗinke ƙofa ne ya koma na yanke hanji. Wanda ya ga wannan alama da tsakar dare kada ya ce sai gari ya waye.

Da yawa daga cikin maza kunya da fargaba ne ke riƙe su, wai aikin ƙaba ko na gwaiwa yana kashe mazakuta ko ya hana haihuwa. Jijiyoyin da ke tayar da gaba ba ta nan suka bi ba. Mutumin da aka yi wa aikin da kyau yana komawa ga iyalinsa bayan 'yan makonni. Wannan tambaya ce ta halal, a yi wa likita ita kai tsaye, ya sha jin irinta.

Taifot ma haka take. Zazzaɓi ne da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma in ba a yi maganinsa daidai ba yana iya huda hanji a mako na biyu ko na uku, musamman ga yara da matasa. Yaron da ya yi kwana goma yana zazzaɓi, sai ciki ya murɗa masa farat ɗaya, ya sandare, ba ya son ko a taɓa shi, wannan ba ciwon shawara ba ne, ba kuma abin jiƙo ba ne. Haka wanda ciwo ya fara masa a cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama, mai yiwuwa afendis ne. Haka magidancin da ya saba haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kullum ba abinci a ciki, ya wayi gari da ciwo mai tsanani a ƙahon zuci, don waɗannan ƙwayoyi na iya huda tumbi. Duk waɗannan, kada a ba su abinci ko ruwa, kada a kai su ga wanzami ya yi tsaga, a nemi mota.

Ina za a nufa? Akwai Babban Asibitin Illela, kuma nan ne ya kamata a fara, domin ko aikin ya fi ƙarfin wurin za a sa ƙarin ruwa, a ba da maganin farko, a rubuta takardar turawa. Sakkwato tana da nisan kimanin kilomita 85 ta Gwadabawa da Kware, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru suke. Mutanen bakin iyaka kuma sun daɗe da sanin hanyar Galmi, asibitin mishan da aka buɗe a 1950 gabas da Birnin Ƙonni. Sai dai rufe iyakar da aka yi a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ya nuna cewa hanyar da ta ratsa shinge ba a dogara da ita ita kaɗai. Kwamitin masana da Lancet ta kafa ya ce a rahotonsa na 2015 ya kamata mutum ya iya kaiwa inda za a yi masa aikin gaggawa cikin sa'o'i biyu. A taswira Illela ba ta wuce wannan awo ba. Abin da ke cinye lokacin shi ne shawarar dangi, da neman kuɗi, da jiran maigida.

Batun jiran maigida ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a yin aiki sai an sa hannu a takardar amincewa, kuma baligi mai hankali, namiji ko mace, yana da ikon sa wa kansa hannu. Amma a gidajenmu mace ba ta cika yarda ta sa ba sai da izinin miji, ga shi kuwa da rani maza da yawa suna kudu wajen ci-rani. Duk magidancin da zai yi tafiya, ya bar magana a bayyane a gaban iyali da wani babba a gidan: in lalura ta taso a kai asibiti, a yi abin da likita ya ce, kada a jira ni. Takardar kuma ba ta sallama rai ba ce, kamar yadda wasu ke zato. Shaida ce cewa an yi maka bayani ka gane. In ba ka gane ba, ka ce a maimaita da Hausa: me za a yi, me zai iya faruwa, me zai faru in ba a yi ba.

Kafin aiki za a auna jini, a duba hawan jini da suga. A nan gaskiya ce ke tsare mutum. Ka faɗi duk abin da kake sha, har da na gargajiya, da taba, da tramadol in kana sha, domin jikin da ya saba da ita yana karɓar allurar barci da maganin ciwo daban. Ka faɗi in kana da sikila ko asma, in wani magani ya taɓa yi maka borin jini, in kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Mace ta faɗi in tana zaton ciki. Mai shan taba da ya daina makonni huɗu kafin aiki, ciwonsa ya fi saurin warkewa, huhunsa ma ya fi samun sauƙi.

Za a ce kada a ci komai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce sa'o'i shida ba abinci, sa'o'i biyu ba ruwa, kodayake asibitoci da yawa sukan ce daga tsakar dare, kuma maganarsu za a bi. Fura da kunu da koko da shayi mai madara duk abinci ne. Dalilin shi ne, in mutum ya yi barcin allura maƙogwaronsa ba ya tsare kansa, abin da ke tumbi na iya tasowa ya faɗa huhu. Uwar da tausayi ya sa ta ɗura wa yaro kunu a ɓoye ta jefa shi cikin haɗarin da ya fi yunwar. In hakan ta faru a faɗa, a ɗaga aikin.

Ba kowane aiki ake sa barci ba. Na ƙasan cibiya, irin ƙaba da gwaiwa da basir, galibi allurar baya ake yi: ƙafafu su mutu na 'yan sa'o'i, mutum yana ji yana gani amma ba ya jin zafi, daga baya su dawo. Wasu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki, wanda ke lafawa in an kwanta. Shanyewar ƙafa ta dindindin da ake tsoro abu ne da ba safai yake faruwa ba.

In an ce a kawo jini, 'yan uwa kan noƙe. Babban mutum na ɗauke da kimanin lita biyar, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba. Ruwansa na dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni. Ana gwada jinin da aka ɗiba don ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ƙara wa kowa.

Sai kwanakin bayan aiki, inda mai jinya ya zama rabin likita. A asibitocinmu ma'aikaciyar jinya ɗaya na iya riƙe ɗaki guda cike da gadaje, don haka idon ɗan uwa da ke zaune a gefen gado shi ne kan fara ganin canji. Numfashi da sauri, gumi mai sanyi, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa, jini na jiƙa bandeji, fitsari ya ragu a jakar roba, ciki na ƙara kumbura: kowanne daga ciki a kira ma'aikaci nan take, in an yi jinkiri a sake kira. Wannan ba rashin kunya ba ne.

Bayan aikin hanji likita zai riƙa tambaya ko an fitar da iska. A ba shi amsa ba kunya, don alama ce hanji ya farka, kuma da ita ake sanin lokacin fara kurɓar ruwa. Za kuma a matsa wa majinyaci ya tashi zaune, ya taka, tun washegari. Dangi kan ga kamar mugunta ce. Kwanciya wuri ɗaya ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina ta taru a huhu. Ya danna matashi a kan ɗinkin in zai yi tari, ɗinkin ba zai ɓalle ba.

A gida, ciwon na son abu biyu: tsabta da abinci mai gina jiki. Kada a shafa masa toka, ko man shanu, ko garin magani, ko a fasa kafso a barbaɗa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa. A wasu gidaje ana hana mai ɗinki ƙwai da kifi da gyaɗa, wai suna kawo mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, nama kuwa da ƙwai da wake da nono su ne kayan da jiki ke gina sabuwar tsoka da su. A sha ruwa sosai, a ci zogale da kuka da sauran ganye don kada bayan gida ya yi tauri a yi ta yunƙuri. In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko fitar da ruwa mai wari, ko zazzaɓi ya taso, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Irin wannan ya fi bayyana daga kwana na uku zuwa mako biyu, lokacin da kowa ya saki jiki. Zaren da ake cirewa yakan yi kwana 7 zuwa 14, wani kuma narkewa yake da kansa, sai a tambaya wanne aka sa.

Salla ba ta tsayawa, kuma addini ya yi sauƙi: a yi ta a zaune ko a kwance, a yi shafa a kan bandeji ko taimama inda ruwa zai cutar, azumi kuma a rama in an warke. Noma da dako da jan ruwa a rijiya da daka su ne sai an yi haƙuri. Bayan aikin ƙaba a ba jiki makonni huɗu zuwa shida, bayan buɗe ciki shida zuwa takwas ko fiye. Fata na haɗewa da wuri, amma bangon ciki na ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari. Shi ya sa dabara ce manomi ya nemi a yi masa aikin da ba na gaggawa ba bayan kaka, ga kuɗin amfanin gona a hannu, ga lokacin hutawa kafin ruwa ya sauka. Hawa babur a kan hanya mai gargada ma a ɗaga masa ƙafa a makonnin farko.

Akwai maganar da ta yi wa mata illa ƙwarai: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa ne bayan ya riga ya bazu, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ƙullutu a mama, ko ba ya ciwo, a kai shi a duba tun yana ƙarami. Da yawansu ba daji ba ne, wanda kuma ya zama shi, a wannan matakin ne aiki ke iya raba mace da shi. Duk abin da aka ciro daga jiki, ƙullutu ne ko maƙoƙo ko wani yanki na hanji, akan sa shi a kwalba a aika ɗakin gwaji, a nan yankin galibi Sakkwato. Sakamakon kan ɗauki makonni, kuma mutane da yawa ba sa komawa karɓa saboda sun ji sauƙi. A koma a karɓa, domin shi ne zai nuna ko an gama ko akwai sauran magani. Kafin a bar asibiti kuma a nemi a rubuta sunan aikin da ranar da aka yi shi a takarda, a adana ta tare da katin asibiti, musamman ga wanda aka yi wa aiki a tsallaken iyaka, inda takardun ke zuwa da Faransanci kuma likitan da zai duba shi nan gaba ba shi ne ya yi aikin ba.