Azumin Rage Ƙiba: Ana Kallon Agogo, An Manta Da Kwano

A wata majalisa da nake zama kusa da Ƙofar Ƙaura akwai wani abokinmu ɗan kasuwa da kowa ya san ba ya wasa da karin kumallo. Shayi mai kauri, burodi, wainar ƙwai uku, wata rana har da indomi. Kwanakin baya sai muka ga mai shayi ya miƙo masa kofi, ya ɗaga hannu. Muka ce, "Alhaji, lafiya? Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba." Sai ya zaro waya ya nuna mana wani agogo yana ƙirga sa'o'i. Ya ce, "Wannan ba na lada ba ne, na tumbi ne. Saura awa biyu in buɗe baki."

Sha biyu na bugawa ya aiki yaro ya sayo masa shinkafa da wake cike da faranti, mai ya kwanta a kai, ga lemon kwalba babba yana raɓa. Da la'asar aka kawo awara. Kafin takwas ta dare ya rufe da tuwo da balangu, ya kora da fura mai suga. Wata biyu ke nan yana wannan azumi, kuma har yau telansa bai rage masa ko inci ɗaya ba.

Abin da Alhaji yake yi ya zama yayi a cikin garin nan na Katsina, musamman wurin mata da ma'aikatan ofis da ɗalibai. Ana ta tura shi a WhatsApp da TikTok, kowa da irin bayanin da ya ji. Tsarin da aka fi bi shi ne mutum ya kame bakinsa daga abinci awa 16, ya ci abin da zai ci cikin awa 8 da suka rage. Akwai kuma wanda ake cin abinci yadda aka saba kwana 5 a mako, a sauran kwana 2 a taƙaita ci ƙwarai, mace ta tsaya a kalori 500, namiji 600, wato abin da bai kai cikakken tuwon dare na ƙato ba. Wannan na biyun wani likitan Ingila ɗan jarida, Michael Mosley, shi ya yayata shi a wani shirin talabijin na BBC a 2012, daga nan duniya ta ɗauka. Babban bambancin waɗannan tsare-tsare da azumin da muka sani shi ne ana shan ruwa, ana shan baƙin shayi ko kofi marar suga da madara.

Akwai gaskiya a cikin maganar. Idan mutum ya ci abinci, jiki yana ajiye wani ɓangare na suga a hanta. In aka ɗauki awa 12 zuwa sama ba a ci komai ba, wannan ajiya takan yi ƙasa, sinadarin insulin ya sauka, jiki ya fara waiwayar kitsen da ya tara. Kuma wanda ya saba cin abinci sau huɗu ko biyar, in ya koma sau biyu, galibi abin da ke shiga cikinsa zai ragu. Mutane da yawa sun rage nauyi ta wannan hanya, ban musa ba. Tambayar ita ce, agogon ne ya yi aikin, ko raguwar abincin?

Likitoci sun gwada. A garin Gwanzu na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, an ɗauki masu ƙiba 139 aka raba su gida biyu. Dukkansu an rage musu abinci daidai wa daida. Rukuni ɗaya aka ce su ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma kawai, ɗaya rukunin kuma su ci duk lokacin da suka ga dama. Bayan shekara guda, masu agogo sun rage kimanin kilo 8, marasa agogo kimanin kilo 6.3, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a kafa hujja da ita ba. An buga wannan a 2022. Kafin nan, a 2020, an yi wani gwajin a Amurka da mutum 116 na tsawon mako 12, inda aka ce wa rabinsu su ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare, ba tare da an ƙayyade musu yawan abinci ba. Wato tsarin Alhajinmu sak. Abin da suka rage bai wuce kilo 1 ba, kuma a cikin waɗanda aka auna jikinsu da na'ura, kaso mai yawa na abin da ya zube tsoka ce, ba kitse ba.

Mu Katsinawa ma ba sai an kai mu Sin ba. Duk shekara muna yin wannan gwaji a kanmu kwana 29 ko 30. A watan Ramadan muna kame baki awa 13 zuwa 14, gari guda, babba da yaro. Da a ce kame baki kaɗai ke zubar da teɓa, da ranar hawan Sallah ba za a ga mai tumbi ko ɗaya a Ƙofar Soro ba. Binciken da aka tattara daga ƙasashen Musulmi daban-daban ya nuna cewa yawancin mutane kilo 1 zuwa 2 suke ragewa a watan, kuma cikin 'yan makonni bayan Sallah ya dawo. Dalilin yana kan tabarmar buɗa-baki. Kunun tsamiya da suga kamar an zuba da ludayi, ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, zoɓo mai ƙanƙara, sannan bayan asham a dawo kan tuwo. Cokalin mai guda babba yana ɗauke da kalori kusan 120. Lemon kwalba na roba mai rabin lita yana da suga sama da ƙaramin cokali 12, wanda ya kai ko ya zarce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce a yini guda. Mutum ya wuni yana juriya, cikin rabin awa ya mayar da abin da ya fitar har da riba.

Wani abin da ake yawan turawa shi ne wai wani Bajapane ya sami kyautar Nobel saboda ya gano azumi na kashe ciwon daji. Mutumin yana nan, sunansa Yoshinori Ohsumi, ya kuwa sami kyautar a 2016. Amma aikinsa a kan ƙwayoyin yis ya yi shi, irin wanda ake sa wa burodi, inda ya gano yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da shi. Bai ce mai ciwon daji ya bar magani ya kama azumi ba. Duk wanda ya gaya wa majinyaci haka, ya ɗauki alhakinsa.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Ga mai lafiya, mafi munin abin da zai same shi shi ne ciwon kai da kasala da saurin fushi a makon farko, ko ya yi aikin banza irin na Alhaji. Ga wasu kuwa, rai ake magana.

Ina da wata gwaggo mai ciwon suga, tana shan ƙwayarta kullum da safe. Wata 'yarta ta gani a waya, ta ce, "Inna, ki gwada wannan, an ce yana warkar da suga gaba ɗaya." Gwaggo ta sha maganinta da asuba kamar kullum, ta ƙi karyawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, sai faifan ya suɓuce daga hannunta. Gumi mai sanyi ya jiƙe ta sharkaf, hannu na rawa, ana yi mata magana tana ba da amsa ba kan gado. Mutanen gida suka fara cewa iska ce, wata har ta ɗauko garwashi za a yi hayaƙi. Allah ya kawo wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ta ce a dama suga a ruwa maza a ba ta tun tana iya haɗiya. Cikin minti goma sha biyar ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya tara mutane.

Sugan jininta ne ya faɗi. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wanda da yawa suka sani da Daonil, suna saukar da suga ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 13 a kan masu ciwon suga sama da 12,000 a Ramadan na 2001 ya gano cewa mummunar faɗuwar suga ta ninka fiye da sau 7 ga masu ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a cikinmu. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ga mai suga da ke azumi ita ce, in na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya nan take. Ga masu auna suga da ɗaya ma'aunin, 3.9 ke nan da 16.6. In aka ga alamun nan kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi suga ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa, ya biyo da abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Mai juna biyu da mai shayarwa, wannan azumi ba nasu ba ne sam. Na san matsin da ke kan mai jego ta ga cikinta ya koma kafin ta gama wanka, na san maganganun da ake yaɓa mata a gidan suna. Amma muna jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a wata shida na farkon 2025. A irin wannan wuri, uwa mai goyo ta hana kanta abinci da gangan don wani hoto da ta gani a waya, abin takaici ne. Haka yara da 'yan mata da ba su gama girma ba, su ma ba nasu ba ne. Yarinyar da ta fara ɓoye abincinta, tana hawa sikeli kullum, tana cewa ta yi ƙiba alhali ƙasusuwan wuya sun fito, iyaye su kai ta ga likita, domin cuta ce da ke da magani, ba iyayi ba ne.

Mai gyambon ciki ya sani cewa yunwa ba ita ke kawo olsa ba, wata ƙwayar cuta ce da kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, amma wofin ciki yana iya tayar masa da zafin, musamman in ya haɗa da waɗannan ƙwayoyi. Mai amosanin jini, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa fitsari, su kula da ruwa. Wasu suna ɗauka tunda an ce azumi, to har ruwa ba a sha. A zafin Afirilu na Katsina, lokacin da ma'auni ke haura 40, wannan ganganci ne. Birkila a kan gini da ɗan dako a Babbar Kasuwa da mai tuƙa Keke Napep wuni guda, su ma ba na ba su shawarar wannan tsari.

Sai 'yan kasuwar da suka raɓu da yayin. Yanzu kusan duk mai tallar azumin rage ƙiba tana da shayin da za ta sayar maka a haɗa da shi. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa, maganin da kakanninmu suka sani na wanke ciki. Za ka yi ta zarya bayi, sikeli ya nuna ka ragu kilo 2 cikin kwana uku, ka yi murna. Ruwan jikinka ne da gishirinsa suka fita, kitse yana nan inda yake. Abin dariya, sau da yawa a shafi ɗaya ake sayar da shayin rama da maganin ƙiba irin su sha-ka-fashe. Abin da ba shi da lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki ba, kada ya shiga cikinka.

Wanda yake da lafiya kuma yana son gwadawa, ba laifi. Ya fara da awa 12, misali daga bayan isha'i zuwa hantsi, ya ƙara a hankali. A ganina abin da ya fi dacewa da rayuwarmu shi ne a sallami cin dare: tsiren ƙarfe goma sha ɗaya da indomin mai shayi da tuwon da ake ci a miƙe a kwanta. A rage malmala, a ƙara miya da ganye. Muna da zogale da rama da yakuwa da tafasa, muna da wake da gyaɗa da ƙwai da nono, waɗanda ke riƙe ciki suna kare tsoka. Fura ba ta da laifi, sugan da ake antaya mata ne. A taka da ƙafa minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ko zagayen filin wasa na Karkanda ne, ko zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa; saurin zubewa fiye da haka yana iya jawo tsakuwa a matsarmama. Mai kilo 100 da ya rage 5 zuwa 10 ya riƙe su, hawan jininsa da sugansa za su nuna. A auna ƙugu da tef ɗin tela: in ya wuce rabin tsawonka, akwai aiki. Wanda kuma ya saba azumin Litinin da Alhamis ko kwana uku na tsakiyar wata, ya ci gaba da abinsa da niyyarsa, ya gyara buɗa-bakin kawai.

Jama'a, duk mai shan maganin suga ko na hawan jini, ko wani magani na kullum, kada ya fara wannan azumi da shawarar waya. Ya zuba kwalayen magungunansa duka a leda, ya je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin da ya fi kusa da shi, ya nuna wa likita, a auna shi, a gaya masa ko zai iya da kuma yadda za a sauya masa lokacin shan magani.