Awon Bambancin Fari da Baƙi a Allon Kwamfuta da Kyamarar Dijital

Gabatarwa

Duk wanda ya duba takardar bayanin allon kwamfuta zai tarar da lamba kamar 1000:1, wani lokaci ma har 1,000,000:1. Wannan lamba tana nuna sau nawa farin allo ya fi baƙinsa haske. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ɗalibi, ko ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan ofis, yana iya tantance gaskiyar lambar da kyamarar dijital kaɗai, tun kafin a sa hannu a takardar biyan kuɗi. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Tushen Awon

Masana suna auna hasken allo da kandela a kowane murabba'in mita. Alal misali, idan fari ya ba da 250, baƙi kuwa 0.25, sai a raba na farko da na biyu, a sami 1000:1. Abin da ya sa baƙi yake da ɗan haske shi ne, allon LCD yana da fitila a bayansa, kuma ba ya iya tare haskenta ɗungum.

Ita kuwa kyamara tana da ma'aunin haske a cikinta. Duk lokacin da haske ya ragu da rabi, sai ta ninka tsawon lokacin da ƙyaurenta zai zauna a buɗe. Watau ke nan lokaci ya zama sikelin awon haske.

Yadda Ake Yi

Da farko a duhunta ɗaki sarai, a kashe fitilar kyamara. A kafa ta tana fuskantar tsakiyar allo sosai, ta yadda ba abin da take gani sai allon. A tsai da lambar ISO da faɗin kafar shigar haske wuri guda, a bar mata zaɓen lokaci. Sa'an nan a cika allo da fari, a rubuta lokacin da ta nuna; a cika shi da baƙi, a sake rubutawa. Idan fari ya nemi kashi ɗaya cikin 250 na sakan, baƙi kuma sakan 4, to 250 sau 4 ya zama 1000:1. Allo irin na IPS yakan tsaya kusa da wannan adadi, na VA kuwa yakan kai wajen 3000:1.

Wuraren Tuntuɓe

Na ɗaya, hasken ɗaki. Idan hasken da ya faɗa kan allo ya ƙara kandela 1 tak, fari zai koma 251, baƙi 1.25, sai 1000:1 ta faɗo kusan 200:1. Wannan kuwa darasi ne ga ofishin da tagarsa take kallon allo.

Na biyu, yawancin kyamarori suna sauya lokaci ne taki-taki, kowane taki kimanin kashi 26 cikin ɗari. Saboda haka amsar kimantawa ce. Ta isa bambance 600:1 da 1000:1, ba ta isa bambance 950:1 da 1000:1 ba.

Na uku, lambar miliyan. Sau da yawa ana samun ta ne ta hanyar rage fitilar baya lokacin da allo yake baƙi ƙirin, alhali rubutun da ake karantawa fari da baƙi ne a lokaci guda. Wajibi ne a kashe wannan dabara kafin awo. Allon OLED dai daban yake, domin ɗigonsa yana mutuwa gaba ɗaya, ba ya barin hasken da za a auna.

Kammalawa

Wannan hanya ba ta maye gurbin na'urar ɗakin gwaji ba. Amma tana ba mai saye hujjar da zai tambayi ɗan kwangila wace lamba ce a takardarsa, kuma a wane hali aka auna ta.