Ba Da Shawara Ga Mutanen Da Al'adunsu Suka Bambanta: Misalin Ciwon Sikila

Nijeriya ƙasa ce mai ƙabilu fiye da 250. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, ba abin mamaki ba ne a iske likita ɗan ƙabilar Ibo yana aiki a Daura, ko malamar asibiti Bahausa a Abakaliki. Fatauci kuma ya zaunar da Hausawa a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas. Saboda haka sau da yawa mai ba da shawara da mai neman shawara ba harshensu ɗaya ba, ba al'adarsu ɗaya ba. In ba a yi hattara ba, sai a faɗi gaskiya amma ta kāsa shiga kunne. Za mu ɗauki ciwon sikila, watau amosanin jini, mu nuna yadda ya kamata a bi.

1. Gaskiyar Da Ba Ta Sākewa

Sikila ciwon gado ne. Kowane mutum yana gadon rabin irin jininsa daga uba, rabi daga uwa. Mai AA ba ya ɗauke da irin ciwon. Mai AS yana ɗauke da shi, amma galibi lafiyarsa lau. Mai SS shi ne mai ciwon: ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su jawo azabar ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, kuma a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu ciwon kowace shekara a ƙasar nan. Dalilin yawansa shi ne, yaro mai AS ya fi tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro, don haka irin ya yaɗu inda sauro ya yi yawa.

In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan lissafi ɗaya ne a Sakkwato da Kalaba. Hanyar isar da shi ce take bambanta.

2. A Fara Da Sauraro

Jama'a ba su jira asibiti ba kafin su sa wa mutuwar yara suna. Bahaushe yana cewa mace tana wabi, har a kira ɗanta Ajuji. Bayarabe yana cewa abiku, ya raɗa wa yaro Malomo, watau "kada ka sāke tafiya". Ibo suna cewa ogbanje, su sa suna kamar Ozoemena, watau "kada ya sāke faruwa". Ba duk irin waɗannan yara ne sikila ta kashe ba, gama akwai zazzaɓi da ƙyanda da gudawa, amma lalle tana cikin masu kashe su.

Uwar da ta binne 'ya'ya uku ba ta zo don a yi wa imaninta dariya ba. In ma'aikaci ya ce mata, "Wannan camfi ne," za ta yi shiru, ta yi godiya, ba kuwa za ta komo ba. Abin da ya fi shi ne ya tambaye ta: "Me kuke kiran wannan abu a wajenku? Me aka riga aka yi wa yaron?" In ya ji, sai ya ɗora bayanin jini a kan abin da ta sani. Addu'a da sauran abin da ba ya cutarwa, a bar mata. Abin da ke cutarwa, kamar tsaga jikin yaro ko jinkirin kai shi asibiti, a hana shi da lalama tare da faɗin dalili.

3. Gaisuwa Da Kunya

Wanda ya tsallake gaisuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Dattijon Bahaushe yana so a tambaye shi gajiya da iyali kafin a shiga magana. Yaron Bayarabe yakan kwanta ya gai da babba, yarinya ta durƙusa, kuma dattijonsu yana lura da wanda ya kira shi da gundarin sunansa. Matar da ta sunkuyar da kai ba ƙarya take yi ba, ladabi ne. Bahausa ko Bafillatana tana iya ƙin ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Bafillace kuma, saboda jimirin da aka hore shi da shi, yana iya cewa "da sauƙi" alhali ciwo na cinsa. Kada a ɗauki "to" a matsayin an gane. A roƙi mutum ya maimaita abin da ya ji da bakinsa.

4. Wa Ke Yanke Magana?

A yawancin ƙasar nan aure na dangi ne, ba na mutum biyu kaɗai ba. A ƙasar Hausa waliyyai ke ɗaura shi, kuma auren zumunci sananne ne. Tun da 'yan'uwa sukan yi tarayya a jinin gado, gwaji ya fi zama wajibi a kansu. A ƙasar Ibo kuwa al'ada ta hana auren dangi na kusa, kuma iyalai sukan binciki asalin juna kafin su yarda. A can abin tsoro shi ne a yi wa gida duka tambari. Majami'u da yawa suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Sai a tambayi mai neman shawara wa yake so ya zauna tare da shi. Amma sakamakon gwaji asirinsa ne, ba a faɗa wa uba ko suruki sai da izninsa. Kuma a bayyana wa kowa a fili cewa yaro ba ya zama SS sai ya gāda daga uwa da uba duka biyu, domin a wurare da yawa mace kaɗai ake ɗora wa laifi, har ta rasa aurenta. Aikin ma'aikaci shi ne bayani. Yanke hukunci na masu auren ne.

5. Harshe Da Tafinta

Kada a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta a kan maganar aure da haihuwa, kada kuma a sa maƙwabci. A nemi babban mutum mai riƙon amana, in mace ce a nemi mace. A yi amfani da abin da ido ke gani: a sa tsakuwa huɗu cikin ƙwarya, ɗaya fara a madadin AA, biyu ja a madadin AS, ɗaya baƙa a madadin SS. A rufe ido a ɗauki ɗaya, a mayar, a sāke ɗauka. Nan take mutum zai gane cewa kowane ciki sabon ɗauka ne, baƙar tana iya fitowa sau biyu a jere, tana kuma iya ƙin fitowa sam.

6. Mutum Ba Ƙabilarsa Ba Ne

Sanin al'ada jagora ne kawai. Akwai Bahaushen da aka haifa a Inugu, akwai Bayaraben da bai san wani gari ba sai Zariya. Ilmi da addini da zaman birni duk suna sāke mutum. Wanda ya ce "ai na san halinsu" ya daina sauraro. Tambaya ita ce maganin kuskure.

Kai kuma mai neman shawara, kana da hakkin a yi maka bayani da harshen da kake ji, a kuma rufa maka asiri. In ba ka gane ba, ka sāke tambaya. Yaro mai SS yana iya girma, ya yi karatu, ya yi aiki, in ana ba shi ruwa da yawa, yana kwana cikin gidan sauro, an yi masa alluran rigakafi, ana kuma gaggauta kai shi asibiti da zarar zazzaɓi ko ciwo ya taso. Ku je a gwada jininku tun kafin a kai kuɗin aure.