Manoman Kangire Ba Duka Ne Ɗaya Ba

Idan aka ce "ƙaramin manomi" a ofis, sai a ɗauka mutum ɗaya ne mai bukata ɗaya. Amma bari mu duba Kangire, a ƙasar Birnin Kudu, da ƙauyukan da ke wajen Gwaram a kudancin Jihar Jigawa. Gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi ake nomawa, duk da haka kowane gida da halinsa.

Ga mai gandu, 'ya'yansa maza suna noma tare da shi, yana da shanun huɗa, rumbunsa ya kan kai wata kaka. Ga mai fadama, wanda ya ke samun kuɗin albasa da tumatir da rani. Ga saurayi mai 'yar gayauna, wanda ya kan tafi cin rani Kano da zarar an gama girbi. Ga gwauruwa mai awaki uku da tukunyar ƙuli-ƙuli. Ga kuma wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin damina ta yi nisa. Dole ya tafi ƙodago a gonar wani domin abincin yau, ciyawa kuwa tana cin tasa gonar. Da kaka ya sayar da hatsi da araha don biyan bashi, a watan Agusta ya saye shi da tsada.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1967 wata Baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina. Ta kasa manoman garin kashi huɗu bisa ga ƙarfin da kowane gida ya ke da shi na jure mugunyar shekara, ta buga littafinta a 1972. A Samaru kuma, tun a shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa sun bi gonakin wasu ƙauyukan Zariya. Suka tarar haɗa gero da dawa da wake a gona guda ba rashin sani ba ne, dabara ce: in ɗaya ya ƙi, wani ya ba da abinci.

Amma sau da yawa da mudu ɗaya ake auna wa kowa taimako. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, aka yi juyin noma na Shugaba Shagari a 1980. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba taki ta wayar hannu, buhu biyu ga kowane manomi a kan rabin kuɗi. To, buhu biyu bai ishi mai gandu ba. Mai ƙodago ba shi da ko rabin kuɗin, in ma ya karɓa ya kan sayar. Gwauruwar da ba ta da waya kuwa, wa zai kira ta?

Saboda haka muna ganin ya kamata hukumar JARDA da malaman gona su fara da tambaya kafin rabo. Mutum nawa ne ke noma a gidan? Hatsinsu ya kan kai wane wata? Akwai dabbobi? Akwai fadama? Wane ne ke tafiya cin rani? Amsar ita za ta nuna wanda ya ke bukatar bashi da kasuwa, da mai bukatar injin ban ruwa, da mai bukatar allurar awaki, da wanda rancen hatsi a lokacin noman fari zai tsare shi a gonarsa.

Mu ma, ya masu karatu, muna da abin yi. Idan ana rubuta sunaye a ƙungiyar manoma, mu tabbata an sa gwauraye da marasa ƙarfi, a kuma bar su su faɗi bukatarsu da bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.