Cacar Ƙwallo: Makullin Yana Dutse

A majalisun Gumel da tashar Maigatari maganar ɗaya ce: wai gwamnatin tarayya ce ta ɗaure wa cacar ƙwallo gindi, jiha kuwa ba ta da ta cewa, tunda daga Abuja lasisi yake fitowa, daga can kuma kason wata yake zuwa. Wannan zance ya kwana biyu da tsufa.

Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da ƙarfi sai a Babban Birnin Tarayya, kuma majalisar dokokin kowace jiha ce ke da hurumi a kan caca. Legas ta yi ƙarar ne don kuɗin lasisi su riƙa shiga aljihunta, amma hukuncin da ya buɗe mata ƙofa shi ya ba gwamnatin jiha a Dutse ikon rufe tata. Duk jami'in da ya ce hannunsa a ɗaure yake, a tambaye shi wanda ya ɗaure.

Batun kuɗin ya fi nauyi. Kamfanonin caca na biyan harajin riba, harajin ya faɗa asusun tarayya, ya gauraye da kuɗin mai da na kwastan, sannan a raba duk wata: kashi 52.68 ga tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar duk suna da rabo a ciki. Kamar nonon garke goma ne da aka juye a ƙwarya ɗaya, ba mai iya nuna na wace saniya ya sha. Masu jin ƙyanƙyamin haka suna da hujja. Sai dai abin da ke komowa nan daga harajin caca bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da ke fita.

Je Maigatari ranar Alhamis. Saurayi ya wuni yana lodin shanu a tirela, ƙafa duk kashin shanu, la'asar sakaliya ya miƙa wa mai POS kuɗin guminsa a tura masa a waya. Kafin ya kwanta sun tafi a kan wasan da ake bugawa a Turai. Shi ne mai tallafa wa caca na gaskiya.

Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, amma kwaɗo ba ya kulle waya. Ana buƙatar dokar da za ta taɓa talla da wakilan da ke karɓar kuɗi, ana kuma buƙatar aikin yi. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu su liƙa a ƙofar sakatariya nawa ya shigo kowane wata, da nawa aka kashe wajen koya wa matasa sana'a.