BABI NA UKU: MAYAR DA IMEL DA MANHAJOJIN AIKIN HAƊIN GWIWA NA KAMFANI ZUWA GAJIMARE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kwamfuta ta shiga harkokin ofis. A wannan babi kuwa za a duba yadda kamfani kan kwashe saƙonninsa na imel da manhajojin da ma'aikata ke aiki tare a kansu, daga na'urorin da ke cikin gininsa, ya mayar da su gajimare. Za a kawo ma'ana da dalilai da matakan yin ƙaurar, sannan a dubi matsalolin da ke tattare da ita.

3.1 Ma'anar Gajimare

Idan aka ce gajimare a fagen kwamfuta, ana nufin tarin manyan kwamfutoci da wani kamfani ya girke a cibiyoyinsa, yana bayar da hayar aikinsu ta hanyar intanet. A da, kamfani shi ke sayen babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni, wadda ake kira uwar garke, ya ɗora mata manhaja irin su Lotus Notes ta 1989 ko Microsoft Exchange ta 1996, ya kuma ɗauki ma'aikatan kula da ita. A tsarin gajimare kuwa, haya yake biya bisa yawan ma'aikatansa, kowane wata ko kowace shekara. Ke nan bambancin tsarin biyu ya yi kama da na mai gida da ɗan haya. Mai gida shi ke gyaran rufinsa, ɗan haya kuwa ya huta da gyara, amma ba shi da ta cewa idan aka ƙara kuɗi.

Kamfanin Google ya fara bai wa ma'aikatu irin wannan hidima a 2006, kuma tun 2020 ake kiranta Google Workspace. Microsoft kuma ya fito da Office 365 a 2011, ya ƙara da Teams a 2017 domin taro da hira tsakanin ma'aikata.

3.2 Dalilan Yin Ƙaura

Dalili na farko shi ne rage ɗawainiya. Uwar garke tana buƙatar wutar lantarki dare da rana da ɗaki mai sanyi da kuma wanda zai riƙa adana kwafin bayanai. Na biyu, manhaja tana tsufa. Misali, Microsoft ya daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 a watan Oktoba na 2025, don haka duk wanda ke amfani da su tilas ya sabunta ko ya ƙaura. Na uku shi ne tsaro. A watan Maris na 2021 masu kutse sun shiga uwayen garken Exchange na dubban ma'aikatu waɗanda ke ajiye da su a gida, alhali harin bai shafi masu haya a gajimaren Microsoft ba. Na huɗu, annobar korona ta 2020 ta tilasta wa ma'aikata aiki daga gida, sai aka ga amfanin takardar da mutum biyar za su iya gyarawa lokaci guda daga wurare daban-daban.

3.3 Matakan Yin Ƙaura

Matakin farko shi ne ƙidaya. Za a san yawan akwatunan imel da girman kowanne, da kalandu da jerin adireshi, da kuma na'urorin da ke aika saƙo da kansu, kamar injin kwafin takardu da manhajar biyan albashi. Irin waɗannan ne aka fi mantawa da su, sai bayan ƙaura a tarar sun yi shiru.

Mataki na biyu shi ne zaɓen hanya. Ƙaramin kamfani kan kwashe komai a tashi ɗaya, galibi a ƙarshen mako. Matsakaici kan ƙaura rukuni-rukuni. Babban kamfani kuwa kan haɗa tsohon tsari da sabo su yi aiki tare na tsawon watanni, har a gama.

Mataki na uku shi ne gwaji da 'yan ma'aikata kaɗan. Na huɗu kuma shi ne sauya rajistar MX, wato bayanin da ke sanar da sauran kwamfutocin duniya inda za su kai saƙon kamfanin. Da yake sauyin ba ya isa ko'ina nan take, ba a kashe tsohuwar uwar garke sai an tabbata saƙo ya daina sauka a cikinta, in ba haka ba wasu wasiƙu su salwanta. Daga ƙarshe sai horar da ma'aikata, tare da wajabta musu shaida ta biyu bayan kalmar sirri.

3.4 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ta doka. A 2009 majalisar birnin Los Anjalis ta Amurka ta amince a mayar da imel ɗin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa Google. Amma a 2011 aka cire 'yan sanda daga shirin, domin tsarin bai cika sharuɗɗan tsaron bayanan masu laifi na hukumar FBI ba. Sai birnin ya wayi gari yana tafiyar da tsari biyu. Darasin da ke nan shi ne, a binciki doka kafin a sa hannu. A Nijeriya ma dokar kare bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare.

Ta biyu, gajimare bai kawar da haɗarin kutse ba. A 2023 masu kutse sun karanta saƙonnin jami'an ma'aikatar harkokin wajen Amurka da ke gajimaren Microsoft. Haka kuma a watan Disamba na 2022 harin neman fansa ya durƙusar da hidimar Exchange ta kamfanin Rackspace, abokan cinikinsa suka rasa hanyar shiga akwatunansu.

Ta uku ita ce dogaro da intanet. A ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da ke gaɓar Afirka ta Yamma sun lalace, lamarin da ya kawo cikas ga bankuna da ofisoshi a Nijeriya da Gana. Bugu da ƙari, farashin hayar yana bin dala, saboda haka faɗuwar naira tun daga 2023 ta ƙara wa kamfanonin Nijeriya nauyi.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙaura zuwa gajimare tana sauke wa kamfani nauyin kula da na'urori, amma alhakin kare bayanai yana nan a wuyansa. Wajibi ne ya yi ƙidaya, ya binciki doka, ya tanadi layin intanet na biyu, ya kuma adana kwafin bayanansa a wani wuri dabam, domin ya iya fita idan haya ta gagara. A babi na gaba za a nazarci kalmomin da Hausa ta aro ko ta ƙirƙira a wannan fage.