Cacar Ƙwallo Ta Shigo Ikilisiya

A da, wanda zai yi caca sai ya bar gida. Sai ya tafi bayan kasuwa ko wani lungu a tasha, ya tsuguna cikin 'yan karta, yana waige-waige kada wani dattijon ikilisiya ya gifta ya gan shi. Kunyar nan kaɗai ta tsare mutane da yawa. Yau shingen ya faɗi. Gidan cacar yana cikin aljihu, a buɗe dare da rana, da naira ɗari ake shiga, kuma ba mai ganin shigarka balle fitarka. Saurayi yana iya zama cikin 'yan kwaya ranar Lahadi, littafin waƙoƙi a cinyarsa, waya a ƙarƙashin littafin, yana duba ko tikitinsa na jiya ya ci. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Biliri zuwa Numan, a tambayi kowane shugaban zumuntar matasa da ke da gaskiya, zai faɗa maka cewa abin ya yi nisa. Kuma ba samari kaɗai ba ne. Akwai magidanta a ciki, akwai ma'aikata masu albashi, akwai waɗanda aka damƙa wa kuɗin ƙungiya.

Hukumomi na ta nasu. A shekarar 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, kuma a watan Nuwamba na wannan shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ta soke aikin dokar tarayya ta 2005 a cikinsu. To, ana iya sa wa shago kwado. Wa zai sa wa waya kwado da ƙarfe biyun dare, mutum na kwance shi kaɗai? Wurin da wannan yaƙin yake, ba ɗan sanda ko fasto da zai iya shiga. A cikin tunani ake yin sa, kuma a nan ne yawancinmu muka bar ƙofa a buɗe.

Mun iya hukunta abin da ya fito fili. In kuɗin baiko ya ɓata, in yarinya ta yi ciki, nan da nan dattawa za su zauna, a sa mutum ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji. Amma ranar da kuɗi ya ɓata ba ita ce ranar da mutumin ya faɗi ba. Ya faɗi watanni kafin nan, ranar da wani tunani ya zo masa cewa kuɗin nan na ajiya in ya juya shi sau ɗaya zai mayar kafin a nema, shi kuma bai kore shi ba, ya ba shi wurin zama, ya yi ta lissafi da shi har ya saba. A duba labarin Akan a Joshuwa sura 7. Da aka tsare shi, da bakinsa ya jera yadda abin ya tafi: ya ga alkyabba mai kyau da azurfa shekel 200 da sandar zinariya a cikin ganimar Yariko, ransa ya biya, ya ɗauka, ya binne a alfarwarsa. Matakai biyu na farko ba wanda ya gani. Amma mutum wajen 36 suka mutu a Ai saboda su. Wasiƙar Yakubu ma haka ta bi da maganar a sura ta farko, inda ta nuna cewa muguwar sha'awa tana da lokacin reno kafin ta zama zunubi a aikace. Shi ya sa Karin Magana 4:23 ta sa tsaron zuciya gaba da kowane irin tsaro.

Samarinmu suna da amsa a shirye, kuma sun iya ta. Za su ce, "Baba, nuna mini ayar da ta hana." Wasu har su kawo zancen kuri'ar da manzanni suka jefa wajen zaɓen Matiyas. To, a wannan kuri'ar wa ya zuba kuɗi, wa ya kwashe na ɗan'uwansa? Doka ta goma cikin Dokoki Goma ba ta ambaci wani aiki na hannu ba, ƙyashi ta hana, abin da ba kotun da za ta iya kama mutum da shi. Bulus kuma ya gargaɗi Timoti a kan masu ɗokin yin arziki da tarkon da suke faɗawa. Kuɗin da kake addu'a ka ci, ba daga sama zai sauko ba. Kuɗin dubban 'yan'uwanka ne da suka yi asara a daren, wani kuɗin makarantar ɗansa ne, wani jarin matarsa.

Masu wannan sana'a sun san zuciyar ɗan Adam fiye da yadda muke zato, kuma da lissafi suke aiki. Ɗauki tikiti mai wasa goma. Ko da a ce kowane wasa rabi da rabi ne, damar cin goman duka ɗaya ce cikin 1,024. Kamfani kuma ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin kowane wasa, don haka duk yadda ƙwallo ta juya, shi bai yi asara a jimla ba. Abin da ya fi cin rai shi ne tikitin da wasa tara suka ci, ɗaya ya yanke. Mutum ya yi asara sarai, amma a ransa ji yake saura ƙiris, gobe sai ya ninka. Da kamfanonin suka ga jiran minti 90 ya yi wa mutane tsawo, sai suka kawo wasannin kwamfuta da ke ƙarewa cikin 'yan mintuna, da wani na jirgin sama da ke tashi ya ɓace cikin daƙiƙu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a rukuni ɗaya da jarabar shaye-shaye. In jarabar ta kama mutum, daga nan sai bashin manhajar waya, sai a fara kiran surukai da abokan aiki ana tona wa mutum asiri.

Akwai wani labari daga Afirka ta Arewa da ya kamata kowane mai cewa "ni na san iyakata" ya ji. Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, yana da aboki mai suna Alifiyus, ɗan garinsu Tagaste. Alifiyus ya tafi Roma karatun shari'a, kuma ya tsani wasan da ake sa mutane su kashe juna a fili don nishaɗin jama'a. Wata rana abokansa suka ja shi dole zuwa filin. Ya bi su yana cika baki cewa jikinsa kawai za su kai, ba hankalinsa ba. Ya zauna, ya rufe ido gam. Can sai wani ya faɗi, fili ya ɗauki ihu. Ya ce bari ya ɗan buɗe ya gani, ai ba abin da zai yi masa. Da ya ga jini, bai ƙara kau da kai ba. Ya koma gida ya fi waɗanda suka kawo shi haukar wasan, har ya riƙa jan wasu. Idonsa ya tsare, ya manta da kunnensa, kuma tun farko kuskurensa shi ne yarda da ƙarfin kansa har ya zauna a wurin. Daga baya Allah ya fisshe shi, har ya zama bishop a Tagaste, amma ba ƙarfin zuciyarsa ne ya yi ba. Duk wanda ya bar manhajar caca a wayarsa yana cewa sakamakon wasa kawai yake dubawa, a kujerar Alifiyus yake zaune.

Masu ibada na hamadar Masar a ƙarni na huɗu sun yi nazarin wannan abu sosai. Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya lissafa mugayen tunani takwas da ke kai wa mai bi hari, son kuɗi na cikinsu. Koyarwarsa ita ce, zuwan tunani ba a hannunmu yake ba, amma daɗewarsa a hannunmu take. Kada wani ya karaya don jaraba ta zo masa, Ubangijinmu ma an gwada shi a jeji. Laifin yana farawa ne daga hira da ita.

Dole in faɗi wata magana mai ɗaci ga masu hawa bagade. In shekara ta zagayo muna wa'azin buɗi na farat ɗaya, muna tafa wa mai shaidar kuɗin da ba a san tushensa ba, muna karɓar zakkarsa ba tambaya, to mu muka tsaga bangon da ƙadangaren ya shiga. Mun ga haka a lokacin MMM, shirin nan na ninka kuɗi da ya daskare a Disambar 2016 da kuɗin jama'a, bayan an yi ta tallarsa har a harabar majami'u. Ba mu koyi darasi ba, wata irinsa mai suna CBEX ta sake kwashe mutane a Afrilun 2025. Na san rayuwa ta yi tsanani, musamman tun cire tallafin mai a 2023, kuma saurayin da ya gama makaranta ba aiki ba ya bukatar a yi masa gori. Amma talauci bai taɓa warkewa a hannun mai caca ba, ƙaruwa yake yi.

Tsaron zuciya ba jin daɗin ruhu ba ne a lokacin sujada, aiki ne na zahiri. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya gudu. Goge manhajar, ka rufe asusun, ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake raba "tabbataccen wasa". In kallon ƙwallo ne ke tayar maka da abin, ka haƙura da gidan kallo na wani lokaci, Arsenal da Chelsea ba za su san ba ka zo ba. In albashi ne ke zubewa, ka ba matarka ko wanka katin banki. Waya ta kwana a falo. Zuciyar da aka share aka bari fanko kuma ba ta zama lafiya, sai an cika ta: Zabura ɗaya da ka haddace, sana'ar hannu, hidimar da za ta gajiyar da kai. Ku kuma dattawa, in yaro ya zo ya tona kansa, kada ya ji labarinsa a sanarwar Lahadi. In ya ji, shi ne na ƙarshe da zai zo muku.

Ɗan'uwa, in kai ne ake magana da kai, kada ka jira sai ka mayar da abin da ka rasa, ba za ka mayar ta wannan hanyar ba. Kafin wasannin Asabar mai zuwa, nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah da riƙon amana, ka zauna da shi, ka faɗa masa nawa ka zuba da nawa ake bin ka, kada ka rage ko kwabo.